Motar Kara da Motar Langalanga: Ƙirar Yara a Gusau da Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ta da maganar wasannin yara a ƙasar Hausa, hankalin manazarta ya fi karkata ga wasannin dandali masu tafiya da waƙa, kamar gaɗa da tashe. Ba a rasa dalili ba. Waƙa tana da daɗin ɗauka a takarda, ana iya auna karinta, a fito da jigonta da salonta. Wasan da ba shi da waƙa kuwa sai a ambace shi a layi ɗaya a wuce. Cikin waɗanda ake tsallakewa haka akwai ƙirar ƙananan motoci da yara maza suke yi da kara ko langalanga ko gwangwani. Masu nazarin wasanni suna ganin abin ya fi kusa da sana'a, masu nazarin sana'o'in gargajiya kuma suna ganin wasan yara ne, ga shi kuma ita kanta mota baƙuwa ce. Da haka abin ya faɗa tsakani, kowa yana zaton na wani ne.

Wannan maƙala za ta dubi yadda ake wannan ƙira a garuruwa uku na Jihar Zamfara, watau Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ta kuma gwada ta da ƙananan motocin roba da ake sayarwa a wargaje cikin kwali a Turai da Amurka da Japan domin mai saye ya haɗa da kansa. Abin da ake son nunawa shi ne, yaron da ya zauna gindin darni yana feƙe kara yana yin wani aikin tunani wanda takwaransa na Turai ya tarar an riga an yi masa a masana'anta.

Hanya da abin da ta kawo

Garuruwan nan uku a jere suke a kan babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa ta nufi Sakkwato. Matafiyi zai fara isa Tsafe, ya wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, ya shiga Gusau, in ya fita ta yamma ya tarar da Bunguɗu kafin ya kai Maru da Talatar Mafara. Duk suna cikin Jihar Sakkwato ne har zuwa 1996, lokacin da aka yanke Jihar Zamfara aka mai da Gusau babban birninta.

Hanyar jirgin ƙasa da aka ja daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Tun da jirgin bai kai Sakkwato ba, duk kayan da za su yamma, da gyaɗa da auduga da fatun da za su fito daga can, sai an ɗora su a mota. Wannan ya mai da Gusau mahaɗar jirgi da mota, ya cika ta da kantuna da gareji da tashoshi, ya kuma sa yaron Bunguɗu da na Tsafe suka tashi suna kallon manyan motoci suna wucewa ta ƙofar gidansu safe da yamma.

Ba da mota yaron Bahaushe ya fara ƙira ba. Tun can yana hawan dokin kara, yana gina shanu da raƙuma da laka, 'yar'uwarsa kuma tana goyon 'yartsana. Ƙa'idar ɗaya ce: yaro yana ƙera abin da ya ga manya suna taƙama da shi. Sa'ad da doki ne abin hawan mai hali, kara ya zama doki. Da direban roka ya zama shi ne gwarzon da yara ke kewayewa in ya tsaya shan shayi, sai karan nan dai ya zama roka. Abin ƙira bai sake ba, abin sha'awa ne ya sake.

Motar cikin kwali

Kafin a shiga aikin kara, ya kamata a san yadda ake yi a can inda wannan wasa ya zama kasuwa. Kamfanin Airfix na Ingila ya fara da wata ƙaramar tarakta ta Ferguson a 1949, daga baya irin su Revell da Monogram da AMT a Amurka, da Tamiya a Japan, suka cika kantuna da motoci da jirage na roba. Mai saye yana buɗe kwali ya tarar da sassan mota an zuba su a ma'auni, suna maƙale a jikin wata siririyar roba kamar 'ya'yan itace a reshe, kowane sashe da lambarsa, ga kuma takarda mai zane tana nuna abin da za a fara da abin da zai biyo. Aikinsa shi ne ya yanke kowane sashe, ya goge bakinsa, ya shafa gam, ya manna, ya yi fenti, sa'an nan ya jiƙa tambura da lambobi a ruwa ya liƙa a jikin motar. Daga 1958 kamfanin AMT ya riƙa ƙara waɗansu sassa a kwalin domin mai haɗawa ya zaɓa: ko ya bar motar yadda ta fito daga kamfani, ko ya mai da ita ta tsere, ko ya yi mata ado irin nasa.

Ba za a raina wannan aiki ba, domin yana son haƙuri da tsabtar hannu, kuma akwai dattawan da suke ƙare rayuwarsu a kansa. Amma fa duk tambayoyin masu wuya an amsa su tun kafin a rufe kwalin. Da me za a yi jikin motar? Yaya tsawonta zai kasance a kan faɗinta? Ina taya za ta zauna? Wani injiniya ya riga ya yanke hukunci.

Abin lura a nan shi ne, manyan masana'antun mota da aka kafa a Nijeriya a shekarun arzikin mai su ma a kan wannan tsari suka fara. Kamfanin Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975 sassa yake karɓa daga Faransa yana ɗaurewa, a shekarun farko ma ta jirgin sama ake sauke su a Kano kafin a wuce da su Kaduna. Haka Fiat a Kano da Steyr a Bauci suka biyo baya da manyan motoci. Watau ƙasa ɗungum ta sayi motar cikin kwali. A daidai wannan lokaci yaron Tsafe, wanda ba wanda ya aiko masa da ko ƙusa, shi ne mai zane, shi ne mai neman kaya, shi ne mai haɗawa.

Motar kara

Motar kara 'yar kaka ce. Da an yanke dawa an kwantar da kara ya sha iska, sai aikin ya tashi, ya ci gaba har cikin hunturu. Karan dawa aka fi so a kan na gero domin ya fi kauri, gaɓoɓinsa kuma sun fi tsawo. Ba kowane kara ne ke yi ba: ɗanye yana motsewa in ya bushe, ya saki duk abin da aka soka masa, wanda ya kwana a raɓa kuma cikinsa yana yin baƙi ya ruɓe. Gwani yana matsa gaɓa da babban yatsa ya san wadda za ta yi.

Hikimar wannan ƙira tana cikin gane cewa gaɓar kara ɗaya kaya biyu ce. In aka sa reza ko haƙori aka ɓare ta, ɓawon yana fitowa siri-siri, mai ƙarfi, mai lanƙwasuwa, mai kaifi kuma, har yakan yanke yatsan wanda bai iya ba. Abin da ya rage shi ne farin nan mai taushi na ciki, wanda ba shi da nauyi, ana kuma yanka shi yadda aka ga dama. Farin ciki shi ne katako, ɓawo shi ne ƙusa. Yaro yana feƙe bakin ɓawon ya yi tsini, ya soka shi ta cikin farin guda ya shige cikin wani, shi ke nan sun haɗu. Babu gam, babu zare. Inda ake son lanƙwasa, kamar bakin gilashi ko marfin taya, ɓawon ne dai ake tanƙwarawa a soke kawunansa biyu.

Ana farawa da ƙashin motar, watau dogayen sanduna biyu da za su ɗauki komai. Galibi waɗannan ba a ɓare su, ana barinsu da ɓawonsu domin ƙarfi. Sai a gicciya gajeru a tsakaninsu kamar tsani. A gaba a ta da kan mota, da hancinta in mai hanci ce, a bar tagogi. A baya a ta da bodi, a jera farin kara a kwance, layi bisa layi, a bar 'yar tazara tsakani, daidai yadda kafintoci suke jera katako a bodin roka. Yaron da ya ƙware har ƙofar baya yake yi mai buɗewa, da ɗan tsanin da karen mota ke hawa, da akwatin nan na bisa kan direba inda ake ajiye tabarma da buta.

Taya ita ce jarrabawa. A da sakaina ake nema, a karkarye ta ta kusa zama da'ira, a yi ta goga bakinta a kan dutse ana juyawa har ta daidaita, sa'an nan a huda tsakiya da ƙusa mai zafi. In hujin ya kauce ko da kaɗan, mota za ta yi ta ɗingishi, abokai su sami abin dariya. Da silifa ta yawaita sai ta kori sakaina, domin tsohuwar silifa tana yankuwa da reza, ba ta fashewa, kuma kowane juji yana da ita. Ana zura tsinke mai ƙarfi ko waya ta haɗa taya biyu. Waɗansu sukan fara zura wayar cikin bututun biro, su ɗaure bututun a ƙashin motar, ta yadda wayar za ta yi ta juyawa a ciki ba tare da ta ci karan ba. Wanda ya fara wannan dabara, ko wane ne shi, ya gane abin da makanikai ke fama da shi kullum, watau raba abin da ke juyawa da abin da ke tsaye.

Aibin motar kara shi ne ƙarancin kwana. Yayyafi ɗaya ya ishe ta, ƙane mai rarrafe ya ishe ta, akuya kuwa abinci take ganinta. Amma wannan aibi shi ne makarantar. Tun da motar ba ta wuce 'yan kwanaki, kayan kuma kyauta ne, yaro yakan ƙera da yawa a kaka ɗaya, kowace tana gyara kuskuren wadda ta gabace ta. Ba kuma shi kaɗai yake yi ba. Babban yaro ne ke riƙe da reza, ƙanana suna ɗebo kara suna ɓarewa suna miƙa masa, ladansu shi ne a bar su su ja motar zuwa bakin lungu su dawo. Wanda ya yi ɗebo bana shi zai riƙe reza baɗi. Tsarin ke nan da ake bi a maƙera da gareji, babu abin da ya ragu sai kuɗin sallama.

Langalanga da gwangwani da waya

Langalanga ita ce siririn ƙarfen nan mai faɗin yatsa ko biyu da ake ɗaure dilolin auduga da na yadi da akwatunan kaya. Garin da ke da injin gurzar auduga da tashar jirgi da manyan kantuna, daga shekarun 1960 kuma har da masaƙa, ba zai rasa ta ba. Saboda haka motar langalanga ta fi zama 'yar birni, ta Gusau, alhali motar kara ta fi ƙarfi inda gona take bayan gida. Wannan ba iyaka ba ce mai shinge, domin yaron Gusau yana samun kara, na Bunguɗu kuma yana tsintar gwangwani, amma abin da ya fi yawa a jujin gari shi yake fi yawa a hannun yaransa.

A nan kayan aiki sun sake. Dutse ne guduma, ƙusa ce abin huji, tsohon almakashi ko wuƙa ne abin yanka. Ana lanƙwasa langalanga a yi ƙashin mota, a fasa gwangwanin madara ko na Bournvita a baje shi a yi jiki, a ninke bakinsa ciki don kada ya yi yanka. Gwangwanin kifi mai siffar kwale-kwale shi kam a shirye yake, bodin akori-kura ne sai dai a sa masa ƙafafu. (Shi ne kuma dai gwangwanin da ake rufe wa fata a yi kuntigi, irin wanda Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi.) Gwangwanin madara biyu ko uku in aka jera su a kwance sun zama tankar mai. Ɗauri kuwa da robar cikin tayar keke ake yi, a yanka ta siri-siri.

Abu biyu ne motar ƙarfe ta fi ta kara da su. Na farko, langalanga tana lotsawa ta dawo, don haka in aka ɗora biyu ko uku bisa juna, na ƙasa ya fi na sama gajarta, aka ɗaura taya a tsakiyarsu, motar tana rausaya in ta hau tudu, kuma wannan shi ne ainihin tsarin sifirin na babbar mota. Na biyu shi ne sitiyari. Ana kafa sandar tayoyin gaba a kan ƙusa ɗaya ta tsakiya yadda za ta iya karkata, a haɗa ta da doguwar waya mai kauri wadda ta taso har ƙugun yaro, a naɗe ƙarshenta ya zama zobe. Yaro yana tafe a tsaye yana murzawa, mota tana shan kwana. Daga nan ya tashi daga mai jan kaya ya zama direba. Irin wannan mota ta waya ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Malawi ana kiranta galimoto, kuma sananniya ce a ƙasashen kudancin Afirka.

Awo

A bayan kowane kwalin motar roba akwai lamba kamar 1:24 ko 1:25 ko 1:32. Ma'anar 1:24 ita ce, kowane santimita ɗaya a jikin ƙaramar mota yana tsaye ne a madadin santimita 24 a jikin babbar. Fijo 504, wadda tsawonta ya kusa mita 4 da rabi, in aka rage ta da wannan awo ba za ta cika santimita 19 ba. Kowane sashe, daga taya har madubi, da wannan lamba ɗaya aka raba shi, shi ya sa in an gama take kama da ta gaske.

Yaron Zamfara ba shi da rula, bai kuma taɓa jin wannan lamba ba, amma motarsa ba ta fita kama. Asirin yana ga taya. Ita ce abin da ba shi da iko a kan girmansa sosai, saboda haka daga gare ta yake auna sauran. A ɗauki marfin kwalbar lemo, wanda yara ke yawan yin taya da shi: faɗinsa kimanin santimita 3 ne. Tayar babbar mota kuwa tsayinta kimanin mita 1 ne. In aka raba, awon ya kama wajen 1:33, dab da 1:32 na masu kwali. A ce kuma tsawon motar mita 8 ne. Ke nan taya takwas ne a jere, ƙaramar kuma za ta zama santimita 24, ɗani ɗaya da 'yar ɗoriya. Yaron ba ya wannan lissafi da baki. Ido ne ya riga ya haddace cewa tsakanin tayar gaba da ta baya akwai wurin taya kaza, kan direba kuma ya ɗara taya tsayi da kaza. In aka ba shi tayar silifa mai faɗin tafin hannu, sai ya nemi kara mai tsawo, komai ya ƙaru tare.

Inda ya saɓa wa awo ma, yawanci da gangan ne. Tayoyinsa sukan fi ƙima girma, cikin motar kuma yakan yi nisa da ƙasa. Dalili shi ne, motar kwali a kan kanta ake ajiye ta a riƙa kallo, tasa kuwa a rairayi da tsakuwa za ta yi gudu, ɗauke da lodin ƙasa ko ƙwallon goruba. Motar da ba ta tafiya, komai kyanta, ba mota ba ce a wurin yaran unguwa. Akwai kuma wani dalilin: wanda tsayinsa bai wuce tayar roka ba, taya ce abin da ya fi cika masa ido.

Ado

Abin da masu motar kwali ke kira gyara mota ta dace da son mai ita, a nan shi ne asali, domin manyan motocin da yaran ke kwaikwayo su ma haka aka yi su. Kai da inji da ƙashi ne kawai ke zuwa daga kamfani. Bodin katako kafintocin gida ne ke yi, masu fenti su zana zaki ko dawisu ko mikiya ko masallaci, su rubuta magana a goshi da baya: Allah Ya Kiyaye, ko Mahaƙurci Mawadaci, ko sunan uwar mai motar. Babu roka biyu masu kama ɗaya, don haka yaro ba roka kawai yake ƙerawa ba, rokar wane yake ƙerawa, kuma abokansa za su gane ta ko su ƙaryata shi.

Launi daga abin da ke kusa yake fitowa: bula ta wanki, da galura, da gawayi, da farar ƙasa, da jan karan dafi na dukawa, da tawadar makarantar allo domin rubutu. In an yi sa'a a sami ragowar fenti a gwangwanin da mai fenti ya yar. Takardar ƙyalli ta cikin kwalin taba ita ce madubi, jan marfin batir shi ne fitilar baya, zaren ulu shi ne gezar da ke reto a gaban gilashi. Ana yanka roba a rataya bayan taya kamar mai tare taɓo, a ɗaura tayar safaya a ƙarƙashi, a rubuta lamba har da haruffan GUS na Gusau. Mai ƙoƙari yakan haɗa ƙwan tocila da batir, ya jira magariba ya fito da ita, ranar nan kuwa unguwa tasa ce.

Akwai tarihi a cikin irin waɗannan ƙananan abubuwa. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, sitiyarin motoci ya tashi daga dama ya koma hagu. Da za a sami motar yara da aka ajiye tun wancan zamani, gefen da aka kafa ɗan sitiyarin cikinta kaɗai ya isa ya faɗi shekarunta. Sai dai kara ba ya ajiyuwa, gwangwani kuma tsatsa ke cinye shi.

Harshen wasan

Ga ɗalibin Hausa, nan ne ribar ta fi yawa. Yaro yana koyon kalmomin mota tun bai taɓa shiga mota ba, kuma a bakinsa ne aron yake gama narkewa. A dubi sitiyari da birki da tirela da direba da silifa. Kowace daga cikinsu a Turanci baƙaƙe biyu ne a jere a farkonta, abin da gaɓar Hausa ba ta yarda da shi ba, sai aka raba su da wasalin i. A sifirin baƙaƙe uku ne aka raba. Sunayen kamfanoni da na motoci ma ba su tsira ba: Fijo, Marsandi, hayis, kanta. Kiya-kiya kuwa ta hanyar Yarbanci ta shigo.

A gefe guda kuma akwai sunayen da Bahaushe ya raɗa da kansa, kamar akori-kura da karen mota. Sassan motar ma da sunayen jikin dabba ya kira su: tana da kai da hanci da ciki da baya da ƙafafu, tana shan mai, tana tari, tana mutuwa a kan hanya. Watau harshen bai ɗauke ta da nisa daga dokin da ta gada ba.

Sa'an nan ga karin harshen yankin. A Hausar yamma, ɗafa-ƙeyar mallaka ta mace tana rikiɗa ta zama irin baƙin da ya biyo ta, saboda haka abin da aka rubuta a nan motar kara da motar langalanga da motar gwangwani, a bakin yaron Bunguɗu motak kara ne da motal langalanga da motag gwangwani. Haka kuma f takan koma h ko hw, a ji hitila da henti da hwasinja. Baƙuwar kalma ta bi dokar gida sau biyu ke nan, ta Hausa gaba ɗaya da ta Zamfara.

Da an gama ƙira kuma sai wasan kwaikwayo ya tashi, wanda ba wanda ya rubuta shi. A share fili a ce tasha ce. Wani ya zama ɗan kamasho yana kiran Funtuwa da Zariya, yana rantsuwa saura mutum ɗaya. Wani ya buɗe gidan mai da gwangwanin ruwa, wani ya gicciya kara a hanya ya ce shingen 'yan sanda ne, a yi ciniki da ganye ko takardar alewa a madadin kuɗi. Bakin direba shi ne inji, yana sauya murya in ya sa giya, yana nishi in an zo hawa. Duk wanda ya tsaya ya saurara zai ji yadda yara suka fahimci zaman manya, har da abin da manyan ba su so a ce an gani ba.

Halin da ake ciki

Motocin roba masu araha daga Sin sun cika kasuwannin salla, wayar hannu kuma ta ɗauke wani kaso na lokacin yara. Langalanga ta ƙarfe ta yi wuya, domin masaƙar Gusau ta daɗe da tsayawa, yawancin kaya kuma da ɗaurin roba suke zuwa, ɗan ƙarfen da ya rage masu jari-bola suna saye. Kara ma ya yi daraja, ana sayar da shi don wuta da abincin dabbobi. Ga kuma ta'asar 'yan bindiga da ta addabi Zamfara tun wajen 2011, wadda ta raba ƙauyuka da yawa na ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu da gonakinsu, ta tura iyalai cikin gari.

Duk da haka ƙirar ba ta mutu ba, kaya ta sake. Kwali da robar lemo da gam mai kama nan take sun maye gurbin kara da ɓawo. Ana ciro ɗan injin da ke cikin mataccen rediyo, a haɗa shi da batirin waya, mota ta tafi da kanta. Waɗansu suna haɗa sirinji biyu da siririn tiyo, su cika da ruwa, in an danna ɗaya sai bodin tifa ya ɗaga ya juye ƙasa, wanda shi ne tsarin da babbar tifa ke aiki da shi, sai dai ita da mai. Abin da ake kwaikwayo ma ya bi zamani, Keke Napep da tirelar siminti da Hilux ta jami'an tsaro, wani lokaci har da bindiga a bayanta. Ƙa'idar nan ta dokin kara ba ta tashi ba, ko da abin da ke wucewa a hanya ba mai daɗin gani ba ne.

Masu cewa ɓata lokaci ne ya kamata su san cewa manyan kamfanonin mota na duniya har yanzu sukan fara gina sabuwar mota da wani irin yumɓu, ƙarama sa'an nan babba, kafin a taɓa ƙarfe. A irin wannan ɗakin zane na General Motors a Amurka ne Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato, ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, kafin a naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci ta Nijeriya a 2017. Ba a ce kowane mai feƙe kara can zai kai ba. Amma idon da ke rage babbar mota ta dawo ɗani ɗaya ba tare da ta fita kama ba, shi ake nema a can.

Ɗalibin da ke son ya ɗauki wannan fanni ba ya bukatar kayan aiki masu yawa: abin awo, da abin ɗaukar hoto da murya, da haƙurin zama a ƙasa tare da yara. Ya auna taya da tsawo da faɗi, ya tambayi sunan kowane sashe ya rubuta shi yadda aka furta, ba yadda ƙa'idar rubutu ta so ba, ya kuma nemi magidanta da direbobi da makanikai waɗanda suka yi yarinta a shekarun 1960 da 1970 su ƙera masa irin ta zamaninsu. Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, kafin a kwashe kara daga gona a yi darni da shi.